Rishon da Ya Ƙi Fashewa

Lomar gurasa tana bakin maigidana lokacin da matar mai wanki ta dire risho a kan dakalin shagonsa, da ƙarfin da ya sa shayinsa ya fantsamar masa a gaban riga.

"Ustad ji, karɓi kayanka. Ni ina da sauran shan ruwa a duniya."

Ustad Miraj Din ya dubi rishon, ya dubi matar, sannan ya haɗiye lomar ba tare da ya tauna ba. Tun ina amarya yake ƙera risho a wannan lungu na Gujranwala ta ƙasar Pakistan, kuma ban taɓa ganin an dawo masa da ko ɗaya ba. Mutum ne da za ka zagi gemunsa ya yi dariya. Ka ce 'yarmu Tahira ta yi rashin sa'a da ta ɗauko hancinsa, shi zai ba ka haƙuri. Amma ka ce rishonsa yana hayaƙi, to ka sayi gaba har jikokinka.

"Me ya yi miki?"

"Bai yi ba tukuna. So kake in jira ya yi? Ba ka ji na Shagufta 'yar Sharif tela ya fashe da ita jiya da la'asar ba? Tana asibiti. An ce uwarta ma ba ta gane ta ba, sai da ta wuce gadon ta dawo."

Ina bayan labule ina kwaɓa fulawa na ji wannan magana. Shagufta a gabanmu ta girma. Ita ce mai hawa soronmu tana satar mangwaron da na shanya, in na kama ta ta ce dubawa take yi ko ya bushe. Bara waccan aka kai ta bayan tashar jirgi, gidan Hajjan Inayat, aka aura wa ɗanta Liyakat mai sayar da yadi. Rishon kuwa gudunmawarmu ce. Ustad da hannunsa ya zana sunanta a gindin tankin, kamar yadda ake yi wa kowane kwano da tukunya na kayan amarya, har ya ƙara mata ɗan fure a gefe.

"Ƙarya ne," in ji shi.

Na yi ajiyar zuciya. Na ce ashe yau Allah ya buɗe wa mutumin nan kai.

"Ƙarya ne. Rishona ba ya fashewa."

Na yaye labule da fulawa a hannu. "Baban Tahira, yarinya ce fa a kwance rai a hannun Allah."

"Allah ya ba ta lafiya," ya ce, yana neman takalminsa. "Amma sai ta janye maganarta."

* * *

Ya sa rigar Juma'a da hular gashin rago kamar mai zuwa kotu. Ni kuma na zuba romon kaza a kwano na bi shi cikin keken doki, don na san in na bar shi shi kaɗai, kunyar da zai jawo mana ba za ta wanku ba.

Ɗakin mata masu ƙuna a can ƙarshen baranda yake. Wari ne ke fara tarbarka, irin na tsumman da ya kama wuta aka kashe da ruwa. Kowane gado an kifa masa baka na ƙarfe an lulluɓe da farin zane don kada ya taɓa fata, kai kawai ke waje. Ni na tsaya a bakin ƙofa. Shi kuwa gado na farko ya nufa, ya sunkuya da ladabi.

"'Yata, me ya same ki?"

"Risho."

"Ƙirar wa?"

Yarinyar ta juya ido wajen tsohuwar da ke zaune a ƙafar gadonta. Tsohuwar ta ce, "Risho dai, bawan Allah. Da ya tashi fashewa bai faɗa mana sunan ubansa ba."

Gado na gaba, risho. Na gabansa, risho. Da ya isa wajen wata ta ce tukunyar gas ce, sai ya ce, "Allah ya sawwaƙe, wannan ba fannina ba ne," ya wuce hankalinsa kwance. Can ya jawo ni gefe, ya rage murya.

"Maman Tahira, na gano wani abu. Dubi ɗakin nan da kyau. Babu tsohuwa ko ɗaya. Na leƙa na maza, masu gyaran wutar lantarki ne da wani da ya faɗa kaskon suya. Duk wadda risho ya fashe da ita, matar aure ce ƙarama."

Na ce, "To, me ka gano?"

"Yaran yanzu ba su iya buga famfo ba. Dukansa suke yi kamar suna gaba da shi."

Wata tsohuwar nas da ke wucewa da tire ta tsaya. Ta dube shi daga hula har takalmi, sannan ta dube ni.

"Naki ne?"

"Nawa ne, 'yar'uwa. A haka aka ba ni shi."

"Allah ya ba ki lada."

Liyakat muka fara gani, a bakin taga, yana nuna wa 'yan dubiya yatsunsa biyu da aka naɗe da bandeji, yana ba da labarin yadda ya faɗa cikin wuta don ya ceto matarsa. Duk wanda ya zo, wutar sai ta ƙara tsawo. Uwarsa Hajjan Inayat tana gefen gadon Shagufta da carbi, tana kuka mai ƙarfi wanda babu hawaye a cikinsa. Ita ta gaya mana, tun ba mu tambaya ba, cewa ɗan sanda ya zo ya ɗauki jawabi a gabansu, komai ya tafi daidai. Da aka rasa yatsan hannun da za a dangwala, sai aka yi da babban yatsan ƙafa.

Shagufta an naɗe ta daga haɓa har cibiya. Idanun ne kawai na gane, su ne dai na ɓarauniyar mangwarona.

Ustad ya gyara murya. "'Yata, sannu. Ki yi tunani da kyau. Sau nawa kika buga famfon?"

Ta dubi rufin ɗakin. "Ban ƙirga ba, Baffa."

Da aka kira azahar Hajjan ta tashi alwala, na aiki Ustad ya nemo mana ƙanƙara wadda na san babu a asibitin. Na sunkuya ina ba ta romo a cokali, sai warin kananzir ya buge ni daga tsakar kanta, cikin gashin da wuta ta rage. Rishon da ke ajiye a ƙasa ba ya tashi tsaye ya yi wa mutum wanka. Ko ban ji warin ba na sani, kowace mace a lungunmu ta sani tun da labarin ya iso, ciwon 'ya mace ai na 'ya mace ne.

"Khala," ta ce a hankali, kamar yadda take kirana tun tana rarrafe. "Ce wa mijina kawai na yi Abba ba shi da halin saya masa babur ɗin da yake nema."

"Yi shiru, sha."

"Guriya tana wurinsu." Guriya jaririyarta ce, ko yaye ba a yi mata ba. "Sun ce in na bar maganar a kan risho, zan warke in koma ɗakina in same ta. In na koma gidan nan, Khala..."

Tsoro ne ya fara kama ni, sannan fushi ya hau kansa. A nan na ƙudura cewa yarinyar nan ba za ta koma bayan tashar jirgi ba, kuma ba za ta fito ta bar 'yarta a can ba. Yadda zan yi kuwa, ban sani ba, makamin da nake da shi duka ya tafi neman ƙanƙara.

* * *

Kwanakin da suka biyo baya, risho ya yi ta dawowa shagonmu kamar tantabarun gida. Ustad ya rage cin abinci, wato ya daina neman ƙari. Abu ɗaya yake nanatawa: a nuna masa gawar. In rishonsa ya mutu, shi ne ubansa, yana da haƙƙin ya ga gawa.

Ranar da ya ce za shi jaje gidan Hajjan, ban hana shi ba, don ina son in sa Guriya a idona. Na same ta a gadon igiya a tsakar gida, an toshe mata baki da tsumma mai ruwan sukari, ƙudaje na zagaya ta. Na ɗauke ta, ta yi ta laluben gaban rigata.

Liyakat ya sake ba da labarinsa, yanzu ƙarar fashewar har tasha aka ji ta. Ustad ya saurara da haƙuri, sannan ya ce, "Ina ɓaraguzan?"

"Mun ba mai sayen tsofaffin ƙarafa," in ji Hajjan. "Wa zai iya kwana da abin a gida?"

"Wanne daga ciki? Duk na san su."

"Baƙo ne. Mai keke." Ta yi maza ta juya. "Kai, ga ni ina ta surutu ban ba ku ko shayi ba."

Ustad ya ce ya sha. Ta ce ai bai sha nata ba. Ya ce wallahi kada ta wahala. Ta ce in ya fita gidanta baki bushe, da wane ido za ta dubi maƙwabta. Hajjan za ta iya zama a ƙafar gadon surukarta ta tsare mata harshe, amma a ce baƙo ya fita gidanta bai sha shayi ba, wannan abin kunya ne da ba za ta ɗauka ba. Ta ɗaga murya ta ce wa autarta ta ɗora madara.

Daga kicin muka ji an buga famfo, aka ƙyasta ashana, sai gurnanin wuta ya tashi. Ustad yana tsakiyar bayani a kan tsadar tagulla, ya tsaya cak da baki buɗe. Ya karkatar da kai kamar kazar da ta ji kukan ɗanta a bayan danga. Ya miƙe, ya kutsa kicin ɗin mutane da takalmi a ƙafa.

Yarinyar ta yi ihu ta ja mayafi. Na bi shi da Guriya a kafaɗa. Bango an shafe shi da sabuwar farar ƙasa, amma baƙin da ke ƙasa ya fi ƙarfinta, ya taso har sama da tsayin mutum. Ustad bai ga bango ba. Ya sauke tukunyar madara, ya saki iskar rishon, ya cire hularsa ta gashin rago ya kama shi da ita da zafinsa, ya kifa.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ko ƙwarzane babu."

"Wannan wani ne daban," in ji Hajjan daga bakin ƙofa. "Nawa ne, tun na aurena."

"To ashe sunanki Shagufta, Hajjan ji. Har da furen."

Ni na san abin da ya faru. Hajjan mace ce da ko ɓawon albasa ba ta zubarwa. Sun shirya ƙaryarsu tsaf, da bandeji da farar ƙasa da carbi, amma da aka zo kan jefar da lafiyayyen rishon tagulla wanda ba ya shan kananzir, zuciyarta ta kasa.

Ta fizge Guriya daga hannuna. Ustad kuwa ya riga ya kai titi da rishon.

* * *

A kai ya ɗauko shi tun daga tasha har lungunmu, ta tsakiyar kasuwa, kamar ɗan kokawar da ya ci kambu. Duk wanda ya gamu da shi sai ya tsayar da shi ya ce ya shafa tankin ya ji. A ƙofar shago ya kunna shi, ya aika aka sayo madara, ya dafa wa duk lungun shayi kyauta. Mutumin da in ya ba ka aron ashana sai ya tuna maka. Bakinsa har kunne, hula ta ƙone ta gefe ɗaya, ko a jikinsa.

Na bari sai da jama'a suka watse bayan la'asar, yana goge rishon da gefen rigarsa.

"Baban Tahira, an wanke rishonka."

"An wanke shi tas."

"To me ya ƙona yarinyar?"

"Ai mayafan nailan ɗin nan da suke sawa, da sun ji ɗumi..."

"Wa ya kunna mayafin?"

Ya ci gaba da goge rishon.

"Wa ya zuba mata kananzir a tsakar ka? Mayafin?"

Hannunsa ya tsaya a kan tankin. Na ga abin yana shigarsa a hankali, kamar ruwa a busasshiyar ƙasa.

"Duk na ɗakin asibitin nan?" ya ce. "Har mai tukunyar gas?"

Na fara tattara kofunan shayi.

"Ni kuma na tsaya a kan Shagufta ina tambayarta sau nawa ta buga famfo."

Ya rufe fuska da ƙonanniyar hular. Tsawon zamana da shi ina yi masa dariyar rashin ganewa, amma ranar da ya gane, sai na ji da ma an bar mini shi yadda yake.

* * *

Washegari ya tashi zai tafi wajen 'yan sanda da risho a hannu ɗaya, guduma a ɗaya, bai tantance wanda zai fara amfani da shi ba. Amma labari ya riga shi. Shayin kyauta ba ya ɓoyuwa, har an aiko daga ofishin cewa a kawo rishon da ake ta magana a gani. Kafin hantsi, Basharat, kawun Liyakat, ya iso da kwalin alewar madara da gashin baki kamar tsintsiya. Bayansa Sharif tela, da tef ɗin awo a wuya, yana kuka yana cewa yana da sauran 'yan mata a gida, wa zai auri ƙannen wadda ta kai mijinta kurkuku.

Na zaunar da su duka a gaban alewar, na ƙwace gudumar, na tafi asibiti. Na ce mai fata ita ke da magana. Tsohuwar nas ta kori Hajjan waje da sunan wankin ciwo, na gaya wa Shagufta komai. Da na zo wajen shayin Hajjan ta yi dariya, dariyar ta ja mata fata har ta yi hawaye.

"In kin ce a tafi kotu, za a tafi," na ce. "Baffanki zai kai rishon har gaban alƙali, ya dafa masa shayi."

"Shekara nawa za a yi, Khala? Kawunsa ya san kowa. Na kuma riga na dangwala. Duk tsawon shari'ar Guriya tana kicin ɗin nan." Ta juyo ido gare ni. "A ɗaure shi ko a sake shi, fatata ba za ta dawo ba. 'Yata nake so, da takardata."

Ban so amsar ba. Ni so nake in ga Liyakat da ankwa yana bin kasuwa. Amma ba ni ce a ƙarƙashin bakan ƙarfen ba.

Aka yi zaman sulhu a tsakar gidanmu, maza a kan gadajen igiya da tukunyar shan taba mai bututu a tsakiya. Mace ba ta sa baki a zaman maza, don haka ban sa ba. Labule na yi wa magana, da ɗan ƙarfi.

"Labule, in ni ce mai gashin baki, zan kawo takardar saki yau, in kawo jaririya a hannu, in rubuta cewa ta uwarta ce har abada. Sannan in 'yan sanda suka ce a kawo risho, sai su ga fasasshe."

Basharat ya dubi Ustad. "Ustad ji, ba ka iya tsawata wa iyalinka ne?"

"Da labule take magana. Ni ban taɓa shiga tsakaninsu ba."

Ya so ya yi ciniki kamar a shagon yadi. A ba da saki, a bar yarinya. A ba da yarinya, a bar kayan ɗaki. Labule ya ce kayan ɗaki su riƙe, su ci da miya. Da aka aika wa Hajjan, amsarta ba ta ɗauki lokaci ba: ai mace ce, su ɗauka, an hutar da su yi mata kayan aure. Na yi shirin kokawa a kan jaririyar nan har magariba, sai ga shi an miƙo ta kamar tsohon zane. Na ci nasara, amma baƙin ciki na ji.

Sauran sharaɗin a kan Ustad ya faɗa. Duk kasuwa ta ga lafiyayyen risho a kansa, don haka sai ya je da bakinsa ya ce wani risho daban ya ɗauko daga shago don ya wanke sunansa, ga na gaskiyar nan a fashe.

Ya dubi ƙasa. "Wa zai fasa?"

Labule ya ce, "Wa ya ƙera?"

* * *

Guriya ta kwana a gidanmu, takarda ta kwana a ƙarƙashin matashina. Da safe Ustad ya kai rishon filin bayan gida, inda maƙwabcinmu ke ɗaure ɓaunarsa ta gida da yake tatsar madara. Ya cika tanki, ya toshe bakin wuta, ya buga famfo har jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ɗora shi a kan garwashi, muka ruga bayan katanga, ni da murfin tukunya a ka, shi da kwanon wanki.

Muka jira. Ɓaunar ta dube mu, ta ci gaba da tuƙa.

Can sai muka ji wani siririn fito. Wata 'yar ƙofar iska ce da yake sa wa rishonsa, wadda sauran maƙera ke cewa ɓarnar tagulla ce, ta buɗe da kanta tana sakin iskar a hankali har ta ƙare. Ustad ya leƙa ta saman katanga, kwano a ka.

"Kin gani? Kin gani ko, Maman Tahira?"

"Na gani. Fasa."

Ya liƙe ƙofar iskar da dalma, ya sake bugawa, ya ƙara gawayi, har da fifita. Dalmar ta narke, rishon ya sake yin fitonsa. Ya gwada jefo shi daga soro, ya lotsa ta gefe ɗaya kawai, ya mirgina ya tsaya a kan ƙafafunsa. Ustad yana saukowa daga tsani yana dariya, hawaye na bin gemunsa.

"Ba zai yi ƙarya ba," ya ce. "Ni na koya masa."

A ƙarshe sai da ya zauna a ƙasa ya riƙe shi tsakanin gwiwoyi, ya ɗauki guduma da ƙarfe mai kaifi ya tsaga tankin. Ya tanƙwara leɓɓan waje ɗaya bayan ɗaya, ya babbaka shi da tsumma mai kananzir har ya yi baƙi. Ko a nan bai iya aikin banza ba. Ya kauce wa sunan yarinyar da furen, ya bar nasa sunan da yake bugawa a kowane risho a fili inda za a karanta.

Ɗan sandan da ya karɓa ya jujjuya shi, ya ce bai taɓa ganin fashewa mai kyau irin wannan ba. Ya yi wa Ustad faɗa a kan ƙarya da tsufa, ya ce ya gode wa Allah iyalan gidan masu yafiya ne.

* * *

Shagufta ta fito daga asibiti da damina. Wuyanta ya haɗe da ƙirji, in za ta dube ka sai ta juyo da jiki duka. Tana zaune a bayan shagon ubanta tana sa maɓalli da yatsun da suka rage. Da farko Guriya ihu take yi in ta gan ta, sai da muka yi ta rufe mata fuska da mayafi tana jin murya kawai. Yanzu a kan tabon take barci.

Ustad ya koma facin bokiti da gyaran fitila da zana suna a tukwane. Yara in sun wuce sukan ce "bum" su ruga. Ya koma neman ƙari a abinci, amma ya daina gardama da kowa, abin da ya fi damuna ke nan.

Wata ranar Laraba ana yayyafi, yana masallaci ni ina tsaron shago, wata mata ta zo daga ƙauye da babbar tukunya a zana mata suna. 'Yarta na biye da ita, budurwa cikakkiya mai fara'a, tana ta sunkuyar da kai tana murmushi. Uwar irin matan nan ne da ba sa jira a tambaye su. Auren saura kaɗan, yaron ɗan birni ne, mai shagon yadi, ɗan Hajjan Inayat ta bayan tasha. Ya taɓa aure, amma bai yi dace ba. Saura risho kawai a kayan.

Na ajiye tukunyar. Na ce wa yarinyar ta ɗan ba mu wuri, na kama hannun uwar na gaya mata komai. Babur, kananzir a tsakar ka, bangon kicin, shayin Hajjan, filin bayan gida. Na ce ga Shagufta can ƙofa huɗu daga nan, ta je ta gani da idonta.

Ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta dubi allon da ke saman shagon, ta sa 'yarta ta karanta mata sunan, sai ta yi dariya ta dafa kafaɗata.

"Ayya, ashe nan ne. Ai Hajjan ta gaya mana, har ofishin 'yan sanda an ajiye fasasshen rishon. Ban ga laifinki ba, 'yar'uwa, dole ki ce haka. Ni ma in mijina ne mai rishon, abin da zan faɗa ke nan."

"Wallahi ba risho ba ne."

"Allah ya kawo muku kasuwa. Ni dai 'yata ɗaya ce, ba zan yi ganganci da ita ba."

Ta ɗauki tukunyarta ba a zana ba, suka tsallaka titi zuwa shagon risho da ke kallon namu. Ina tsaye ina ganinta tana ƙwanƙwasa tankuna da yatsa tana kasa kunne, tana mayarwa, har ta zaɓi mafi kauri da tsada. Aka naɗe shi da jar takarda.

Yarinyar ce ta karɓa. Ta rungume shi a ƙirji, ta ja gefen mayafinta ta rufe shi don kada yayyafi ya taɓa takardar. Da suka zo wucewa ta gabana ta ɗan rusuna, ta ce, "Khala, a sa mu a addu'a."